Me ya sa uwar garke ɗaya take ba ni adireshi uku?

"Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a Marwa, na rubuta wa wata makaranta mai zaman kanta manhajar karɓar kuɗin makaranta da yaren rubuta manhaja na PHP. Ina so shirin ya gano sunan uwar garken (wato injin da shafi yake zaune a kansa) da yake kai da adireshinta da kansa. A kwamfutata SERVER_ADDR yana ba ni ::1, da na ɗora shi kan uwar garken da muka yi haya sai ya ba ni 10.0.0.5, da na gwada gethostbyname(gethostname()) kuma sai na ga 127.0.1.1. Bayan haka, saƙon da shirin yake aika wa iyaye da dare yana fita babu sunan shafin a cikin mahaɗin. Ga shi kuma kamfanin da zai haɗa mu da biyan kuɗi ta waya ya ce mu tura masa adireshin IP ɗinmu. Wanne ne na gaskiya a cikinsu? Allah ya ƙara ilimi."

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Amin, tare da kai. Duk lambobin nan uku na gaskiya ne, amma babu ko ɗaya a cikinsu da za ka tura wa kamfanin. Idan na fahimce ka daidai, tambayoyi uku ne ka ɗaure a ƙulli guda. Ta farko, da wane suna baƙo ya kira shafinka. Ta biyu, wane suna da wane adireshi injin yake amsawa a cikin gidansa. Ta uku, da wane adireshi mutanen waje suke ganinsa idan shi ne ya fita neman wani. Kowace tambaya da inda ake samun amsarta, kuma matsalar saƙonninka na dare tana da alaƙa da ta farko ne, ko da yake ba ta inda ka yi zato ba. Zan bi su a hankali, domin wanda ya gane daga ina kowace lamba take fitowa ba zai sake ruɗewa ba ko da ya bar PHP ya koma wani yare.

Daga ina abin da ke cikin $_SERVER yake zuwa

$_SERVER jeri ne na bayanai da PHP yake ba shirinka, a cikinsa SERVER_ADDR ɗin da ka ambata yake. Abu na farko da ya kamata ya zauna maka shi ne PHP ba shi ne yake bincike ya gano waɗannan bayanai ba. Manhajar da take karɓar baƙi, wato Apache ko Nginx ko IIS, ita ce take cika su ta miƙa masa a duk lokacin da wata buƙata ta shigo. Wannan al'ada ta samo asali ne daga CGI, tsarin da uwar garke take miƙa wa shiri buƙatar baƙo, na shekarun 1990, wanda aka rubuta ƙa'idarsa a takardar RFC 3875 a shekarar 2004. A cikin takardar an ambaci SERVER_NAME da SERVER_PORT da REMOTE_ADDR da wasunsu, amma ba a ambaci SERVER_ADDR ba. Ƙari ne da Apache yake bayarwa, Nginx ma yana bayar da shi ta fayil ɗin fastcgi_params, shi kuwa IIS na Windows abin da ya saba bayarwa shi ne LOCAL_ADDR. Saboda haka shirin da ya dogara da SERVER_ADDR yana iya yin aiki lafiya a inji ɗaya, a kai shi wani injin ya tarar da wurin babu komai.

Duk sunan da ya fara da HTTP_ a cikin jerin kuwa, daga bakin baƙo ya fito. Burauzarsa ce ta rubuto shi a kan saƙon, uwar garke ta ɗauka ta ƙara masa HTTP_ a gaba ta miƙa maka. Wannan ƙa'ida guda ta isa ta raba maka abin da za ka amince da shi da wanda za ka duba sau biyu.

Sunan da baƙo ya kira

Ka san yadda akwatin gidan waya yake aiki a nan Kamaru. Lambar B.P. ɗaya ce, amma mai shago da ƙanensa da yaron shago da wani maƙwabci duk da ita ake aiko musu wasiƙa, wanda ya buɗe akwatin kuma sunan da ke bayan ambulan yake dubawa ya san wa zai kai wa. Haka adireshin IP ɗaya yake ɗaukar shafuka goma ko ɗari. Tun da aka fito da HTTP/1.1 a shekarar 1997 ya zama dole burauza ta rubuta layin Host a kan kowace buƙata, idan babu shi uwar garke ta mayar da kuskure mai lamba 400. Abin da aka rubuta a wannan layi shi ne kake gani a HTTP_HOST, har da lambar ƙofa, wato port, idan ba 80 ko 443 ba ce, misali localhost:8080.

To, mai aiko da wasiƙa shi yake rubuta bayan ambulan, kuma babu mai riƙe masa hannu. Ka gwada da kanka: da umarnin curl, wanda yake kiran shafi ba tare da burauza ba, ka aika buƙata zuwa adireshin uwar garkenka, ka haɗa da -H "Host: wani-suna.example", sannan ka duba abin da shirinka ya karɓa. Idan shafinka shi ne na farko a jerin VirtualHost na Apache, wato jerin shafukan da injin yake ɗauke da su, duk sunan da bai dace da kowa ba wurinsa zai faɗa, kuma PHP zai miƙa maka sunan ƙaryar nan kamar yadda aka rubuto shi.

Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga manhajar da take taɓa kuɗi. Ka ɗauka wani ya je shafin "na manta kalmar sirri", ya sa imel ɗin ma'ajin makaranta, ya kuma canza Host zuwa sunan shafinsa. Idan shirinka da HTTP_HOST yake gina mahaɗin sake kalmar sirri, to saƙon zai fita ne daga uwar garkenka ta gaskiya, da sa hannunka da tambarin makarantar, amma mahaɗin da ke ciki gidan ɓarawo yake kaiwa, ɗauke da mabuɗin sirrin a jikinsa. Ma'aji ya danna, mabuɗi ya tafi. Irin wannan hari ne ya sa Django, wani tsarin gina shafuka, ya wajabta saitin ALLOWED_HOSTS tun daga siga ta 1.5 a shekarar 2013, Drupal ma yana da trusted_host_patterns don wannan dalili.

Mutane da yawa idan sun ji haka sai su ce to a koma SERVER_NAME, tunda sunansa ya nuna daga uwar garke yake. A Apache wannan zato yana da rami. Akwai saiti mai suna UseCanonicalName, wanda a kashe yake zuwa, kuma muddin yana kashe, SERVER_NAME yana kwaso sunan da baƙo ya rubuto ne, illa dai ya cire lambar ƙofa. Littafin PHP da kansa ya yi gargaɗi a kan wannan. Sai ka kunna saitin, ka kuma rubuta ServerName a cikin VirtualHost, sannan sunan zai zama wanda kai ka zaɓa. A Nginx lamarin ya sha bamban: SERVER_NAME yana zuwa daga layin server_name na fayil ɗin saiti, sunan farko da aka rubuta shi ake bayarwa ko da baƙo ya zo da na biyu. Wannan ya fi aminci, amma idan wanda ya kafa injin ya bar alamar ƙaramin layin ƙasa a matsayin suna, kamar yadda ake yi a saitin farko, to ita za ka gani a shirinka, ka yi ta mamakin daga ina ta fito.

Abin da nake yi a nawa aikin shi ne in kafa shafi na farko wanda ba na kowa ba, duk sunan da ban sani ba ya faɗa can. A Nginx ina sa masa default_server tare da return 444, wanda yake yanke layin ba tare da amsa ba. A Apache kuma VirtualHost na farko nake mayarwa fanko. Wanda ya taɓa zama ya karanta rajistar uwar garke ta kwana ɗaya ya san yawan na'urorin da suke yawo dare da rana suna ƙwanƙwasa kowace ƙofa da sunaye iri-iri.

Dalilin da saƙon dare yake fita babu suna

Yanzu ka riga ka hango amsar. Aikin da cron, mai tayar da ayyuka a lokacin da aka saita masa, yake tayarwa da ƙarfe goma na dare ba ya bi ta Apache. Babu burauza, babu buƙata, babu ambulan balle a rubuta suna a bayansa. PHP yana gudana ne ta layin umarni, kuma a can HTTP_HOST da SERVER_NAME da SERVER_ADDR duk ba a cika su. Shirinka ya nemi suna ya sami wofi, ya manna wofin a bayan https:// ya aika wa iyaye. Da ka duba rajistar kurakurai, mai yiwuwa da ka ga gargaɗin cewa mabuɗin da ka nema babu shi a cikin jerin.

Kada ka gyara wannan da gethostname(). Zai ba ka suna, amma sunan injin ne na cikin gida, irin wanda kamfanin haya ya laƙaba masa, haruffa da lambobi da ba su da alaƙa da sunan da iyaye suka sani. Uwar yaro a Domayo ta danna shi a wayarta ba zai kai ta ko'ina ba.

Magani shi ne ka daina tambayar inji abin da kai ka fi shi sani. Sunan shafin makarantar kai ka saye shi, kai ka san ko da www ake kiransa ko babu, kai ka san https ne. Ka rubuta shi sau ɗaya a fayil ɗin saiti, duk inda shirin yake buƙatar gina mahaɗi ya karanto daga can, da rana ko da dare. Manyan manhajoji haka suke yi: Laravel yana da APP_URL a fayil ɗin .env, WordPress yana ajiye siteurl da home a rumbun bayanansa. Kwamfutarka ta gwaji ta riƙe nata fayil ɗin mai localhost, uwar garken aiki ta riƙe nata, kuma kada fayilolin biyu su shiga cikin abin da kake kwafa daga nan zuwa can. Na san abin da ya ja ka ga son shirin ya gano komai da kansa, wato idan gobe wata makarantar a Kusiri ko Yagwa ta ce tana so, ka ɗora mata ba tare da gyara komai ba. Niyyar mai kyau ce, amma layi ɗaya ne za ka canza a kowace makaranta, kuma layin nan ya fi rahusa a kan wasiƙar ban haƙuri ga iyaye ɗari uku. Idan kuma makarantu da yawa za su zauna a kan shiri ɗaya, kowace da nata suna, to a nan HTTP_HOST yana da amfani, amma sai ka gwama shi da jerin sunayen da ka yarda da su, wanda ba ya ciki a kore shi tun daga zaure.

Lambobin nan uku

Ta farko ba ta da wahala. Lambar ::1 ita ce 127.0.0.1 a IPv6, sabon tsarin adireshi da ya biyo bayan IPv4, wato adireshin da kowace kwamfuta take kiran kanta da shi. Ka rubuta localhost a burauza, kwamfutar ta zaɓi IPv6, Apache ya karɓa ta wannan ƙofa ya gaya maka. Da ka rubuta 127.0.0.1 da ita za ka gani, da kuma abokinka ya shigo daga wayarsa ta wayfay ɗin ɗakinku, da ka ga wani abu kamar 192.168.1.20. Wannan yana nuna maka ainihin ma'anar SERVER_ADDR: adireshin injin da wannan buƙatar ta shigo ta kansa. Inji mai adireshi huɗu zai iya ba ka amsa huɗu a cikin minti ɗaya, dukansu daidai.

Ta biyu, 127.0.1.1, ta gaya mini cewa Debian ko Ubuntu, nau'o'in tsarin Linux, ke kan uwar garkenku. Aikin gethostname(), wanda ya shigo PHP a siga ta 5.3 a shekarar 2009, yana dawo da sunan da tsarin injin yake riƙe da shi, daidai da abin da php_uname('n') yake bayarwa. Shi kuma gethostbyname() yana ɗaukar sunan ya nemi lambarsa, kuma wurin da yake fara dubawa shi ne fayil ɗin /etc/hosts. Debian da 'ya'yanta suna rubuta sunan injin a gaban 127.0.1.1 a cikin wannan fayil, domin manhajojin da suke buƙatar sunan ya zama yana da lamba su samu ko da babu intanet. Kenan ka tambayi inji sunansa, ka sake tambayarsa ina mai wannan suna yake, ya nuna ƙirjinsa. Wannan haɗi na gethostbyname da gethostname yana yawo ƙwarai a tsakanin masu koyo, kuma a Windows yakan ba da lambar da take kama da daidai, shi ya sa ake ta gadonsa. Akwai wasu halaye biyu na gethostbyname() da ya kamata ka sani: IPv4 kaɗai yake bayarwa, kuma idan ya kasa samun lambar ba ya cewa ya kasa, sunan da ka ba shi yake mayar maka, ta yadda shirin da bai duba ba zai ajiye suna a gurbin lamba.

Ba cewa nake gethostname() ba shi da amfani ba. Ranar da manhajarku ta girma ta koma kan inji biyu ko uku, shi ne zai gaya maka wanne ne ya rubuta wane layi a rajista. Ina sa shi a gaban kowane saƙon kuskure. Amfaninsa na mai gida ne da ma'aikatansa. A cikin kwantenar Docker ma, wato keɓaɓɓen wurin da ake gudanar da manhaja a cikin inji, sunan da zai ba ka haruffa da lambobi 12 ne da suke canzawa duk lokacin da aka sake gina kwantenar, adireshin kuma yawanci daga 172.17 yake farawa.

Ta uku, 10.0.0.5, ita ce mai labari. Adireshin IPv4 bai wuce kusan biliyan 4.3 ba a duniya duka, kuma tun watan Fabrairu na 2011 hukumar IANA ta raba ragowar manyan kason da ke hannunta ga hukumomin yankuna biyar, ciki har da AFRINIC mai kula da Afirka. Tun kafin a kai nan, a shekarar 1996, takardar RFC 1918 ta ware rukuni uku don amfanin cikin gida: duk abin da ya fara da 10, da wanda yake tsakanin 172.16 da 172.31, da wanda ya fara da 192.168. Waɗannan lambobi ba sa fita titin intanet. Miliyoyin injuna suna amsa 10.0.0.5 a daidai wannan lokaci, kowanne a bayan katangarsa. Idan injin zai yi magana da waje, wata na'ura a bakin ƙofa take cire lambar cikin gida ta sa ta waje, idan amsa ta dawo ta mayar, abin da ake kira NAT. Wasu kamfanonin haya, kamar Amazon a tsarinsu na EC2, haka suke yi wa kowane inji: yana da adireshin waje, amma ba a ɗaura shi a jikin katin sadarwarsa ba, shi ya sa ko ka buga ip addr ko hostname -I ba za ka gan shi ba. Injin da kansa bai san da wace fuska duniya take ganinsa ba, don haka babu wani aiki na PHP da zai tono ta daga cikinsa, har da net_get_interfaces() da aka ƙara a siga ta 7.3.

Akwai kuma wani yanayi da zai iya same ka nan gaba. Idan aka sa Nginx a gaba yana karɓar baƙi yana miƙa wa Apache a baya, SERVER_ADDR da REMOTE_ADDR duk za su zama 127.0.0.1, kuma idan ba a rubuta proxy_set_header Host $host ba, har HTTP_HOST zai koma wani abu kamar 127.0.0.1:8080. A irin wannan hali ake amfani da X-Forwarded-Host da X-Forwarded-For, layukan da na gaba yake rubuta sunan da aka kira da adireshin baƙo a cikinsu, amma su ma rubutun bayan ambulan ne, ba a yarda da su sai an tabbata ɗan aiken da ya kawo su naka ne.

Bari in ba ka labarin kuskuren da na yi da hannuna. Shekarun baya na kafa wa wani ofishi a nan Garwa manhajar rasit, a kan wata tsohuwar kwamfuta da aka ajiye a ƙarƙashin teburin sakatare. Don kada a kwafe aikina a kai wani wuri, na sa shirin ya gwama SERVER_ADDR da lambar da na rubuta a ciki, 192.168.1.10, idan ba su yi daidai ba ya ƙi buɗewa. Na ɗauka na yi dabara. Wata ranar Litinin cikin watan Afrilu, ana tsananin zafin nan da ka sani, aka ɗauke wuta, aka tayar da janareta, na'urar rarraba intanet ta tashi ta sake raba lambobi, firinta ta riga kwamfutar tashi ta karɓi lamba 10, ita kuma aka ba ta 14. Shirin ya ga ba a gidansa yake ba, ya kulle. Kafin in hau babur in iso, mutane sun yi layi har bakin ƙofa da kuɗi a hannu, sakataren yana rubuta rasit da biro a kan takardar da ya yago daga littafi, yana share gumi da hularsa. Gyaran bai ɗauki minti biyar ba, amma na kwana biyu ina shigar da rasit ɗin hannu ɗaya bayan ɗaya. Kuma kullen bai taɓa hana kowa sata ba, domin duk wanda ya kwafe shirin zai iya ba kwamfutarsa lamba 10 a cikin gidansa.

Abin da za ka tura wa kamfanin

Kamfanin yana so ya rubuta lambarku a jerin waɗanda ya yarda su yi magana da shi, duk buƙatar da ta zo daga wata lamba ya ƙi ta. Kenan abin da yake nema shi ne adireshin da yake gani idan uwar garkenku ce ta kira shi, wato adireshin fita. Sau da yawa shi ne dai adireshin da baƙi suke shigowa ta kansa, amma ba kullum ba, kuma a nan ne ake yawan yin kuskure.

Wuri na farko da za ka duba shi ne shafin da kamfanin haya ya ba ku na kula da injin, inda aka rubuta adireshin waje. Sannan ka tabbatar daga cikin injin da kansa: ka shiga ta SSH, hanyar ba inji umarni daga nesa, ka buga curl -4 ifconfig.me, ko ka yi amfani da api.ipify.org. Waɗannan shafuka aikinsu ɗaya ne, su gaya maka da wace lamba ka zo musu, kamar ka tambayi mutumin da ke tsaye a waje wane launi aka shafa wa ƙofar gidanka. Alamar -4 tana da muhimmanci. Idan injin yana da IPv6, yana iya fita ta can ya ba ka doguwar lamba mai haruffa, kuma idan kamfanin kuɗin shi ma yana da IPv6, shirinka zai iya fita ta wannan hanya alhali IPv4 kawai aka rubuta muku. A PHP akwai zaɓin CURLOPT_IPRESOLVE da za ka tilasta wa shirin bin IPv4 da shi. A EC2 da wasu masu kama da shi akwai kuma adireshi na musamman, 169.254.169.254, wanda injin yake tambaya a ba shi bayanan kansa har da lambar waje.

Kada ka nemi lambar ta hanyar gethostbyname() da sunan shafinku. Wannan amsar DNS ce, tsarin da yake mayar da suna lamba, tana nuna inda ake shigowa. Idan kun sa Cloudflare a gaba, kamfanin da yake tsayawa tsakanin baƙi da shafi, lambar Cloudflare za ka samu, ka tura wa kamfanin, su rubuta, ranar gwaji a ƙi ku. A hayar da mutane da yawa suke raba inji ɗaya kuwa, adireshin fita yana iya zama daban da na shafin, kuma ku da baƙin da ba ka sani ba kuke fita da shi, abin da bai dace da harkar kuɗi ba.

Tambayar da ta fi gano lambar muhimmanci ita ce ko za ta zauna. A EC2, idan aka tsayar da inji aka sake tayar da shi, adireshin waje yana canzawa, sai idan an kama masa na dindindin da suke kira Elastic IP. Ka tambayi kamfanin da kuka yi haya a wurinsa a rubuce ko lambar taku tsayayya ce, idan kuma sai an ƙara kuɗi, ka gaya wa shugaban makarantar tun yanzu ya sa a lissafin shekara, domin 'yan sefa kaɗan ne idan aka kwatanta da ranar komawa makaranta a watan Satumba biyan kuɗi ya tsaya. Haka kuma kada ka yi tunanin ajiye uwar garken a ofishin makaranta a kan modem mai katin waya. Kamfanonin waya sukan tara masu amfani da yawa a bayan adireshi guda, su ba kowa lamba daga rukunin da yake tsakanin 100.64 da 100.127, wanda aka ware don haka a shekarar 2012. A irin wannan layi lambar fita tana sauyawa, kuma kamfanin kuɗin ba zai iya kiran uwar garkenku ya sanar da ita cewa an biya ba. Wannan kiran na dawowa ma, idan sun tambaye ka inda za su aiko shi, sunan shafin za ka ba su da https, daga fayil ɗin saitin nan, domin takardar shaidar tsaron shafinku a kan suna aka yanke ta.

Shawarata kada shirin ya riƙa kiran ifconfig.me a kowace buƙata. Zai rage gudu, kuma ranar da shafin ya faɗi naku ma zai tsaya jiransa. Idan kana so ka san lokacin da lambar ta canza, ka sa cron ya duba sau ɗaya a rana, ya gwama da wadda ka ajiye, idan sun bambanta ya aiko maka saƙo.

Idan wata rana ka koma wani yare, sunayen ne kawai za su canza. A Python socket.gethostname() shi ne sunan inji, request.get_host() na Django shi ne sunan da baƙo ya kira bayan an tace shi. A Node.js akwai os.hostname() da req.headers.host da req.socket.localAddress. A Java akwai getServerName() da getLocalAddr(). Babu ɗaya daga cikinsu da ya san adireshin fita idan akwai NAT a tsakani.

Ban ga uwar garkenku da idona ba, abin da na faɗa game da Debian da NAT na ciro shi ne daga lambobin da ka kawo, kuma yawancin aikina a kan Apache da Nginx na yi shi. Idan ka buga curl -4 ifconfig.me ka ga lambar ta bambanta da wadda ke shafin kamfanin haya, to injinku yana fita ta wata ƙofar da ake rabawa, kuma kafin ka tura wa kamfanin kuɗi komai sai ka tambayi masu hayar ko lambar fitar guda ce ko suna juyawa tsakanin da yawa. Idan kuma ka ƙirƙiri fayil mai phpinfo() don ka ga duk abin da ke cikin $_SERVER, ka goge shi da zarar ka gama dubawa, domin yana nuna wa duk wanda ya buɗe shi sigar PHP ɗinku da hanyoyin fayilolinku, wani lokaci har da kalmomin sirrin da aka ajiye a cikin saitin injin.